Ƙwai Uku a Bayan Datsin Baba

Wata Asabar a farkon bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, mu 'yan farin shirin firamare kyauta na UPE, Inna ta aike ni da furar Baba lambunsa na bakin gulbi, can gabas da Gummi. Na tarar ya datse 'yar ƙoramar da ke bi ta gefen albasarsa da yashi da karan dawa, don ruwa ya taru a gindin jigon da yake ban ruwa da shi. Ina wanke ƙwarya sai na ga ladin kogi, 'yar tsuntsuwar nan mai baƙin layi a ƙirji, ta tsoma cikinta a ruwa, ta ruga kan wani tudun yashi ta kwanta, ta sake dawowa. Da ta ɗaga na je na tona da yatsa a hankali, sai ga ƙwai uku a binne, yashin kansu da sanyi-sanyi. Ruwan datsi kuwa yana ta hawowa, saura taki biyu ya cinye tudun.

Na mayar da yashin, na rugo da kuka. Baba ya saki igiyar jigo ya ce, "Ke ɗiya, mi kinka gani? Maciji?" Da na nuna masa, ya daɗe tsaye yana kallon albasa yana kallon tudu. Can ya ce, "Ta riga mu zuwa wurin ga." Ya ɗauki fartanya ya fasa bakin datsin har ruwa ya ja baya, ya kuma saro ƙaya ya tare hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya ta wajen.

Daga ranar guga ya daina cika. Baba kan ja tun asuba har azahar, tafin hannunsa duk ya tsattsage, fangali biyu na ƙarshe suka yi ja suka bushe. Inna takan ce, "Malam, albasa mu ka ci ko tsuntsu?" amma ita ce mai shafa masa man shanu a hannu. Sai da 'yan tsaki biyu suka fito suna gudu kamar audugar da iska ta ɗauka, sannan ya gyara datsinsa. Ƙwai na ukun bai ƙyanƙyashe ba.

Yanzu injuna ke zuƙe gulbin, tifofi suna kwashe yashin, na kai jikokina ban sami abin nuna musu ba. Allah ya jiƙan Baba, ban taɓa jin ya kira albasar nan asara ba.