Agarbati Ba Sunan Aljani Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin aji a Kano ƙanena Sadisu ya kira ni, ya ce Ummanmu, Hajiya Laraba, ta rasu a gidanta na Sabon Garin Wudil. Ban gama salati ba ya ƙara da cewa, "Yaya, ki taho da wuri. Matan layi sun zo, amma babu wadda ta yarda ta shiga ɗakin ta yi mata wanka." Ban tambaye shi dalili ba, domin a cikin dalilin muka girma.

Tun tana budurwa Umma ta yi aikin girki a gidan wani malami Ba'indiye da ya koyar a Wudil. A wajen matarsa ta koyi capati, gurasar alkama da ake murzawa a gasa a kasko, da miyar wake mai kurkum da man shanu, da samosa tun kafin ta zama abincin biki. Da wannan sana'a ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ba ta taɓa ba mai saye capatin da ya kwana ba, mu muke cinye shi da shayi. Idan na yi garaje zan murza kwaɓi, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Bar shi tukuna, Hadiza. Kwaɓi da mai fushi sai sun huta ake taɓa su."

Kalma ɗaya ta ɗauko daga gidan nan da ta zame mata masifa. Matar malamin nan, agarbati take ce wa turaren tsinke, bakin Umma ma ya saba. Kullum da yamma, don ta kori ƙaurin mai, takan ce in kunna mata agarbati. Wata maƙwabciya, Inna Uwani, ta jiyo ta katanga. Nan da nan unguwa ta yanke hukunci: Laraba ta samo aljani a wurin Indiyawa, sunansa Agarbati, ana kunna masa wuta kowace magariba, shi yake kawo mata kasuwa.

Tsoron aljanin bai taɓa hana matan layi aiko da kwano da azumi ba. Tabarmarta ce ba sa zama a kai, a Islamiyya kuma sai su muskuta su bar mata fili. Ta nuna musu kwalin turaren, suka ce ai dole ta faɗi haka. Ta daina furta kalmar, suka ce ɓoyewa take. Na sha ce mata ta daina cika musu kwano. Amsarta ɗaya ce: "Bakin da ya ci abincina ba na iya rama masa."

Na iso na tarar da matan layi jere a tsakar gida, kowa da carbi. Inna Uwani ta jawo ni gefe. "Hadiza, ba ƙi muka yi ba. A fara kiran mai ruƙiyya ya fitar da shi, kada ya koma kan wata."

Na ce, "Turare ne, Inna. A kasuwa ake sayar da shi, akwai irinsa a ɗakinki."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta shiga ɗakin ba. Ni da ƙanwar Umma da ta zo daga Indabo, tsohuwa mai ciwon gwiwa, muka wanke ta muka suturta ta. Ban yi kuka ba sai da na ga tabon kasko a yatsunta.

Sadisu ya ce kafin ta cika ta faɗa masa ta yafe wa kowa. Ita ta iya. Ni kuwa har yau da baki kawai nake amsa ta'aziyyarsu.

Allah ka jiƙan Laraba, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka ba ta maƙwabtan da suka fi waɗanda ta bari. Ka ba Sadisu da jikokinta haƙurin rashinta, ka tsare su daga sunan da aka liƙa mata. Ni kuma ka ba ni zuciyar da zan yafe, domin ba ni da ita tukuna. Amin.