Zoben da Na Ɗauka a Tabarmar Baba

A gidanmu na Fagge, da an idar da magariba an ci tuwo, kakata Iya Gana takan jawo kujerarta kusa da murhu, tana gasa tafin ƙafa da sauran garwashi, mu kuma mu kewaye ta. 'Yar Barno ce, ta tsufa a Kano amma harshenta bai saki garinsu ba. Ina tsammanin shekaruna tara a lokacin, ko goma. Ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na dai san Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma kakar gyaɗa ce, manyan motoci na ta sauke buhuna a bakin tashar jirgi.

Mahaifina fita ne, wato makanikin mota, a wani gareji a Sabon Gari. An san shi da gyaran tukunyar nan ta ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya na babbar mota. Ya taɓa nuna mana da faifai biyu: in mota za ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, haƙoran cikin tukunyar ne ke raba musu ƙarfi, kowace ta yi gudun da ya dace da ita. Ba ya yarda ya kwance kayan cikinta a gareji, wai ƙasa da hannun mutane sun yi yawa. Sai a turo masa a amalanke har zaurenmu. Ya shimfiɗa tabarma, duk abin da ya cire ya jera shi bi da bi, don ya mayar yadda ya same shi. In tabarmar nan tana ƙasa, ko shara ba a yi a zauren.

A wannan karon tukunyar motar da Kawu Modu, ƙanin mahaifiyata, yake tuƙawa ce. Na kai wa Baba fura, na tarar ya fita sallar azahar. A gefen tabarma na ga wasu zobba huɗu ko biyar an ɗora su a kan juna, sirara kamar ɓawon albasa, suna ƙyalli. Na ce a raina ɗaya ba komai ba ne. Na zare, na rataya wa 'yartsanata a wuya.

Kwana biyu bayan haka aka ɗaura tukunyar. Da la'asar na ji Baba da Kawu suna magana a zaure. Baba yakan kwaɓa shuni da mai ya shafa wa haƙoran, ya juya su, ya duba inda suka ciji juna.

"Shunin nan bai zauna mini daidai ba," in ji shi. "Ya ɗan karkata gefe. Amma duk abin da na cire na mayar."

Kawu ya yi dariya. "Kai dai Yaya, ko kaza ce ta yi tari sai ka kwance ta. Gobe da sassafe za mu kama hanyar Nguru, da gishiri da mutane a sama."

Tuwon ranar bai wuce mini ba. Na cire zoben na tura ƙarƙashin shimfiɗar Iya, don a ɗakinta nake kwana. Ina zaune bakin murhu, amma motar nake gani ta kife a kwana, da Kawu a ciki.

Iya ta gyara zama. "Ga wata nan tafe da ƙafarta, ku matsa mata."

"Ta shigo," muka ce.

Wai wata kurciya ce za ta yi sheƙa, ta rasa abin ɗauri. Ta sauka bakin rijiyar gari ta zare zare ɗaya tak daga igiyar da masu yasar rijiya ke sauka da ita. Sheƙa ta yi kyau, ta yi ƙwai biyu. Amma kullum in an ja igiyar nan sai ta ji tana kuka, ƙiii, ƙiii, ita kaɗai a garin ta san dalili. Ta daina cin gero. Ta je wurin hasbiya, hasbiya ta ce zare ɗaya ai ba a lissafa shi. Ta je wurin hankaka, ya ce ta yi shiru, wa ya gan ta? Rannan ta ji ana shela gobe za a saukar da mutum ya yashe rijiya. Ta ɗauki zaren a baki ta tashi har ƙofar mai tufka igiya, ta tsaya.

Nan Iya ta katse labarin, ta koma tona garwashi.

"Sai me, Iya?" in ji wana Bukar.

"Na manta. Tsufa ya ci sauran." Ta juyo gare ni. "Ƙawata, ke da ba ki ci tuwo ba ƙila kanki ya fi nawa sarari. Kurciyar nan shiga ta yi ko komawa?"

Na tashi na shiga ɗaki, na ɗaga shimfiɗa, babu zobe. Na fito, sai Iya ta buɗe bakin zanenta ta miƙo mini shi ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce da yara, "Tatsuniya ta ƙare a nan, kowa ya kama gabansa."

Baba yana alwalar isha'i na durƙusa na miƙa masa zoben. Ya juya shi a tafin hannu, ya duba shi gaba da baya.

"Shi ya sa," ya ce a ƙarshe. "Ashe idona bai yi ƙarya ba. Kin san da Kawunki ya kai rabin hanya haƙoran za su yi zafi su cinye juna?"

Na ce ban sani ba, amma na yi ta ganin motar ta kife a raina.

"To. Yau kin jawo mini wunin aiki. Da kin bari sai jibi, ban san abin da za ki jawo ba. Tashi ki ci abinci."

Washegari motar ba ta tafi ba. Aka sauke gishiri, aka ɗaga ta da jak, aka sake kwance komai. Mai motar ya zo har zaure ya yi faɗa, ya ce Baba ya tsufa da aiki. Baba bai ambaci sunana ba. Kawu kuwa da ya dawo daga Nguru tsaraba ya kawo mini, awarwaro na gaske, ya ce in bar wa motarsa nata. Ya tsokane ni da wannan har na yi aure.

Daga baya na tambayi Iya ƙarshen labarin kurciya. Ta ce, "Ai ke kika ƙarasa shi, ni me zan ƙara?"

Yanzu na girmi yadda Iya take a wancan lokaci, kuma halina bai canza ba. Nakan koma in duba ƙofa sau uku. In jikana zai yi tafiya ba na zama sai an ce ya sauka. 'Ya'yana suna yi mini dariya, suna cewa in rage tunani. Iya ba ta taɓa ce mini in rage ba, don ta san ba zan iya ba. Hanya ta nuna mini zuwa ƙofar wanda zai iya gyarawa, tun mota tana gida. Na yi damuwa iri-iri a rayuwata, na rame a kan abin da bai taɓa faruwa ba. Wadda na ɗauka na kai wa Baba a tafin hannu ita kaɗai na san ta amfani wani. Sauran duk ni suka ci.