Ayabar da Muka Hana Sani

Ranar wata Alhamis ce a daminar 1965, ina 'yar shekara tara, na fara ganin ayaba da idona. Muna tsakar gida a ƙauyenmu na ƙasar Bangi, ina taya Inna surfe, sai ga Saratu ta yi sallama da wani abu rawaya ƙunshe a bakin zane. Ƙawar Inna ce tun suna gaɗa a dandali. Ta auri wani Kirista mai aiki a asibitin mishan, ta bi addininsa, amma duk ta zo ganin gida sai ta biyo ta wajenmu. Ta ce ayaba ce, kamyo ne, wato babbar motar kaya, ya kawo ta garin Madawa daga kudu.

A lokacin ƙanena Sani yana wata bakwai, duk ya rame ya zama sai ido. Hatsin rumbu ya ja ƙasa, Inna na wuni a gona da ɗan ruwan fura a ciki, nono ya ƙafe mata. Kaka, uwar Baba, ita ke masa ɗura: ta kwantar da shi a cinya, ta tara kunu a tafin hannu, ta toshe masa hanci har ya haɗiye. Haka aka yi mana duka. Shi kam yana haɗiyewa zai amayar.

Saratu ta ɓare ayaba guda, ta dame ta a ƙoƙo har ta yi laushi kamar koko, ta zaunar da Sani a ƙafarta, kansa a miƙe. Ta riƙa lakato kaɗan a bakin ludayi tana jira. Wallahi sai ga yaro yana buɗe baki da kansa, har yana kamo hannunta! Inna ta juya baya tana share ido da gefen zane. Saratu ta bar mana ragowar, ta ce, "A dama ta sosai, a ba shi zamne, kaɗan-kaɗan."

Kaka mace ce mai son jikokinta, amma ba ta yarda yarinyar da aka haifa a gabanta ta koya mata reno ba. Washegari ta gutsuro gunduwar ayaba kamar lomar tuwo, ta kwantar da shi, ta tura masa. Sani ya yi shiru, ido waje, leɓe ya yi baƙi. Ni na ruga da kururuwa na kira Saratu daga gidan iyayenta. Ta kife shi a hannunta, kai ƙasa, ta bubbuga bayansa har abin ya faɗo, ya tsala kuka.

Kunya ta kama Kaka, sai ta juye ta faɗa. "Abin ga na nasara ba shi ƙara shigo min gida!" Ta watsa wa awaki sauran. Inna ba ta iya musu da uwar miji. Aka koma ɗura. Kafin gero ya nuna, Sani ya rasu.

Ban ce ayaba za ta riƙe shi ba, kwana ne ya ƙare. Yau ga ta jibge a kowace tasha, har ruɓewa take, ina dama wa jikokina ba mai ce min uffan. Amma har gobe abin na ci min rai. Abu ɗaya da yaron nan ya taɓa buɗe wa baki da kansa, shi muka hana shi.