Kafofin Gadar Unguwarmu

Gadar da ta haɗa unguwarmu da cikin garin Zuru ta girmi babana, in kuwa ka biye wa kakana, ta girmi rafin da ke ƙarƙashinta. Ya ce shi da abokan golmonsa, samarin da suke noma tare a gonakin surukai, su aka kwaso suka yi dakon duwatsunta a ka. Kullum duwatsun da ya ɗauka ƙaruwa suke yi. Bara saura kaɗan ya ce shi kaɗai ya tuge dutsen bayan gari.

Ƙafa uku gare ta, faɗinta mota ɗaya da rabin akuya. Hagu da dama an yi mata gajeren bango, a gindin kowane bango akwai kafofi shida. Kaka ya ce guntayen gora suka jera kafin a zuba siminti, da ya bushe aka zare. Ruwan sama na sauka a kan gada, sai ya bi kafofin nan ya zuba rafi kamar indararo. Ban taɓa kula da su ba sai da aka toshe su.

Da rani aka turo masu gyara. Suka shafe bangon da siminti, kafofi da komai, suka yi masa fenti fari da baƙi. Kaka ya dogara sanda ya je ya sami babbansu, wani mai hular kwano.

"Yallaɓai, waɗannan ba fashewa ba ce, hanyar ruwa ce."

"Baba, je ka huta. Gidajen ƙadangaru ne."

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunnena yana hayaƙi. Mutum ya yi karatu har gashinsa ya zube, amma bai san ruwa gangara yake nema ba.

Damina ta sauka, gada ta zama tafki. Ruwa ja, iya ƙauri, ba shiga ba fita. Kwaɗi suka tare da iyalansu. 'Yan kabu-kabu masu babur kuwa suka sami abin wasa, sai sun hango ɗalibai suke ƙara wuta. Ni ga farin yunifom ɗaya tak a duniya, ga shi ni aka zaɓa in riƙe tutar makaranta a faretin ranar 'yancin kai. Sau biyu ina isa makaranta kamar an tono ni daga kunyar dankali. A na biyun malamin fareti ya kalle ni sama da ƙasa ya ce in na ƙara, tuta ta koma hannun wata 'yar ajinmu da gidansu ke jikin katangar makaranta. Yarinyar da ko hagu da dama ba ta rarrabewa.

Na dawo gida ina huci, na jefar da jaka.

"Amarya, wa ya taɓa min ke?" in ji Kaka.

"Gadarka, tsoho. Kai ka gina ta, sai ka zo ka kwashe ruwanka."

Ya yi dariya har da tari.

Ranar Asabar da hantsi ya fito da guduma da guntun rodi. Fenti ya rufe komai, ban ga ta inda za a fara ba. Shi kuwa ya riƙa bin bangon yana ƙwanƙwasawa da sanda, kunne a karkace. Inda ya ji sautin ya yi holoƙo sai ya ce, "Nan." Na tsuguna cikin ruwa na riƙe rodi, yana duka, ina roƙon Allah ya tsare min yatsu.

Muna kan kafa ta biyu mai gadin kayan masu gyaran ya iso a guje.

"Baba, kayan gwamnati kake fasawa?"

"Ɗana, lokacin da na ɗora dutsen nan, gwamnatinka ko rarrafe ba ta fara ba."

Matan da ke hanyar kasuwa, zannuwa a tattare, tire a ka, suka yi wa mai gadi caa. Wata ta ce in yana son ruwan haka, ya kawo jarka ya kai wa mai hular kwano. Ya ja baya yana cewa zai kai ƙara. Daidai nan rodi ya zarce, ruwa ya bi kafar da ƙara, har da silifa ƙafa ɗaya da ba a san mai ita ba.

Huɗu muka buɗe, hannun Kaka ya gaza. Kwana uku ba ya iya ɗaga kofi. Ranar Litinin na haye gada ƙafata a bushe, na isa makaranta fari fat, malamin fareti ya zagaya ni sau biyu yana neman ɗigo bai samu ba. Ranar fareti ni na riƙe tuta.

Amma fushina bai huce ba. A bakin gadar an kafa allo ɗauke da sunan mai hular kwano da manyan haruffa, kafofi takwas kuma suna nan a toshe. Rodin yana ƙarƙashin gadona, jira nake kafaɗar tsoho ta warke.