Geron Da Ya Kayar Da Silin

Duk unguwarmu a Batsari an yarda cewa silin ɗin ɗakin Kaka ya faɗo ne don mace ce ta kafa shi. Ƙarya ne. Ni ce dai na kafa shi, amma da an ƙyale shi yadda na bar shi, da jikokina sun tarar da shi.

Da ƙafa ta fara damun Kaka, Baba ya ɗauko ta daga ƙauyen Zakka, ya ƙara mata ɗaki a jikin namu: bulo da siminti, rufin kwano mai gangara gefe guda. Silin kuwa aka ce sai an sayar da wake. Bazara ta shigo. Tsohuwar da ta ƙare rayuwarta ƙarƙashin jinka ta tsinci kanta a tanda. Kullum da azahar sai ta ɗaure ƙunshin kayanta.

"Ku maida ni gida. Gara in mutu a inuwa da in dahu a gari."

Gidan da take faɗi babu kowa a ciki sai ƙadangaru, ko mai miƙa mata ruwa babu. Baba kuma bai iya yi mata musu ba. In ta matsa, kai ta zai yi.

Kafintan da aka yi wa maganar silin ya ce jibi har sau uku. Ni ba ni da haƙurin jibi. Na aro tsani, na yanko karan dawa, na ɗaure shi ƙanana-ƙanana, na jera tsakanin katakan rufin. Na bar tazarar tafin hannu tsakanin kara da kwano don iska ta wuce. Wannan ko a makaranta an faɗa mana. Na ɗinke buhuna, na ja su tantsan daga ƙasa, na bi da ƙusa, kowace da marfin kwalba don kada buhu ya yage. Ɗaki ya huce. Kaka ta kwance ƙunshi ta ce, "Ashe bokon naki ba duka ne asara ba."

Bayan wata uku, ranar wata Juma'a, mata sun cika ɗakin sun zo gaishe ta, sai gefen da ya fi ƙasa ya ɓarke. Kara, ƙura, ɓeraye biyu. Ɗaya ya sauka a cinyar Goggo, ƙanwar Baba, wadda ashe tana iya tsalle. Sai ga zangarniyar gero, busasshiyar kuɓewa, ƙullin daddawa, har da tsohon mataji.

Goggo tana kakkaɓe zane ta ce, "Dama mace da tsani? Ai ga shi nan."

Ba wadda ta tambayi abin da ya kai gero cikin silin.

Da suka watse na ce, "Kaka, wa ya farke buhun nan?"

"Ni. Daga kan gado hannuna na kaiwa. Tun ina amarya a jinka nake soke kayana, sai yau jikata za ta hana ni? Ina kike so in aje iri? A ƙasa, gara ta cinye?"

"Irin me? Gonar wa za ki shuka?"

Ta tsince zangarniyar da ɓera ya rage, ta hure mata ƙura.

"Geron kakanki ne. Shi kaɗai na taho da shi."

Ta ɗaga kai ta dubi kwanon da ya sake bayyana, ta jawo ƙunshinta kusa.

Na so in bi gida-gida in wanke kaina, na fasa. Su ci gaba da cewa aikin mace ne. Gobe da sassafe zan sake aro tsanin. Wannan karon zan bar mata gurbi daidai inda hannunta ke kaiwa, da katako a ƙasa da gwangwani mai murfi, ta soke abin da ta ga dama. Kunya biyu a 'yar gonar da ke bayan gidanmu kuma na geronta ne, ko Baba ya so ko ya ƙi.

Goggo ce za ta riƙe mini tsani.