Malam Kyari da Rabon Gari a Gidan Inji

Ina cikin shanya wanki da safen nan 'yarsa ta kira ni daga Nguru. Malam Kyari ya rasu bayan asuba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na kasa kuka, na kasa zama.

Yawancinku ba ku san shi ba. Ma'aikacin gwamnati ne da ya karanci tattalin arziki, aka turo shi Gashuwa rabon abincin agaji lokacin farin nan na wajen tamanin da uku da huɗu, muna ƙarƙashin Borno a lokacin. Ni kuma mijina bai daɗe da rasuwa ba, ya bar min yara biyu. Firamare kawai na yi. Aka ɗauke ni aikin shara a siton da ake ajiye hatsin.

Hatsi kan zo Nguru a jirgin ƙasa, a lodo shi a manyan motoci zuwa wajenmu. Sai a tara mutane a filin makaranta, a kira sunan maigida a lasifika, a ɗora masa buhu. Kafin mako ya zagayo za ka ga buhunan nan a kasuwar Nguru.

Sauran ma'aikata suna ta zagi, wai mutanenmu ba su da godiya. Shi kaɗai ya ce, “Ku daina zaginsu. Mai mara lafiya a gida ka ba shi buhu, ai kasuwa zai kai. Ni ma haka zan yi. Mu ne ba mu iya bayarwa ba.”

Wata rana ina shara ya tsaya a kaina.

“Hauwa, akwai gidaje a unguwarku da na san ba a ɗora tukunya. Me ya sa ban taɓa ganin mutanensu a fili ba?”

Na ce, “Yallaɓai, wa zai tsaya a kira sunansa a lasifika, gari ya ji ya gaza ciyar da gidansa? Maƙwabciyata Kaltume dusa take dakawa da yamma, don kawai a ji ƙarar taɓarya daga gidanta.”

Sai ya ce, “To ina ne mace ke zuwa da kwano a rufe, ba mai tambayarta me ke ciki?”

Na ce, “Gidan inji mana.”

Ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya ce, “Shekara uku ina jami'a ana juye min wannan maganar da Turanci, ke kin faɗa min ita da tsintsiya a hannu.”

Daga ranar bai ƙara kirana Hauwa ba. Minista yake ce min. Ministar Mudu.

Ya je ya shawo kan Baba Sande, wani Bayarabe Kirista mai injin niƙa a bayan kasuwa. Aka riƙa shigar da masara ta ƙofar baya ana niƙewa, ni kuma aka ɗora ni a kan awo. Mace ta zo da kwanonta a rufe da faifai, ta shiga layi da masu niƙa. In ta iso gabana na buɗe na ga babu komai, sai in auna mata gari in mayar da faifai. Ta fita da farar ƙura a gyalenta kamar kowa.

Baba Sande har faɗa yake musu da ƙarfi, “Mama, gobe ki busar da masarar nan da kyau, za ki kashe min inji!” Kwano kuwa fanko ta kawo. Ita ma sai ta ce, “To Baba, na ji.”

Komai Malam ya yi da dalilinsa, kuma yakan bayyana min kamar ni wata ce. Gari za a ba da, ba tsaba ba, don ɗan kasuwa ba ya ɓoye gari, zafi na lalata shi. Na mako za a auna, ba na wata ba, don mudu biyu tukunya suke shiga, ba kasuwa ba. Jar masara ya nace a kawo, wadda masu hali ke raina tuwonta, don kada mai rumbu ya sha wahalar zuwa.

Kaltume ta fara zuwa. 'Yarta Bintu, wadda gashinta ya yi ja don yunwa, ta soma wasa a ƙofar gida.

Abin bai kai wata biyar ba.

Wani babba ya zo daga Maiduguri da masu ɗaukar hoto. Aka kai shi gidan inji, ya ga mata da kwanuka suna hira, ga ƙarar inji. Ya ce, “Ina mabukatan? Ina buhunan? Me zan nuna?” Malam ya soma bayani, mutumin ya duba agogo.

Cikin satin aka mayar da Malam Nguru gadin sito. Rabo ya koma fili, lasifika ta dawo.

Kaltume ba ta je ba, mijinta ma bai je ba. Na riƙa raba mata abin da na samu, bai kai ko'ina ba. Bintu ta rasu kafin ruwan farko.

Da na kai wa Malam labarin, cewa ya yi, “Ni na kasa yi wa mutumin nan bayani yadda zai gane.” Har ya tsufa yana ɗora wa kansa laifin.

Ba a ƙara tambayarsa shawara ba. Ya rubuta takardu ya aika ofisoshi, ko amsa ɗaya ban ji ya samu ba. Amma duk sallah sai ya aiko wa yarana da yadi, a cikin leda baƙa, ta hannun direba, ba ko suna a jiki.

Ganina da shi na ƙarshe bayan babbar sallar da ta wuce ne. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe, sai ka matso kake jin sa. Ya ce akwai wasu matasa da suka kafa kwamitin rabon tallafi a Nguru, za su zauna ranar Asabar.

“Minista, ki je ki faɗa musu yadda muka yi a gidan inji. Ni baki ya ƙi. Baba Sande ya mutu. Saura ke.”

Na ce, “Malam, yaran nan masu digiri ne. Ni ko Turanci ba na ji.”

Ya ce, “Ba Turanci suka rasa ba.”

Na yi masa alkawari. Ranar Asabar na shiga mota tun daga Gashuwa, na je har bakin ƙofar ɗakin taron. Na leƙa na ga kwamfutoci a kan tebur, kowa da shadda mai sitaci. Na tsaya riƙe da jakata, sai na ji kamar duk za su juyo su kalle ni. Na juya na nufi tasha.

Da ya sa aka kira ni a waya, na ce masa an ɗaga taron. Ya ce, “To, wani karon.” Ina jin ya gane.

Rabon nasu na gani a waya daga baya. Tsofaffin mata a rana, kowacce an riƙe mata buhu a gaba ana ɗaukar hotonta. Na san a kowace unguwa akwai waɗanda suka rufe ƙofa suka ƙi fitowa, kuma su ne yunwar ta fi ci. Shekara arba'in, ko taku ɗaya ba mu matsa ba.

Abin da ya ce in faɗa ke nan, na faɗa yau da ba zai ji ba. Ba na sa ran wani mai rabo zai karanta rubutun tsohuwar mai shara har ƙarshe. In ma ya karanta, babu hoto a cikin hanyar Malam, ban ga wanda zai so ta ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Kyari. Ya rufa wa bayinKa asiri, Ka rufa masa nasa. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri, ni kuma Ka yafe min ƙaryar da na yi masa.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a ko da ta kalma ɗaya ce. Ku haɗa da Bintu.