Wanda Ya Ƙirga Takun Mahaifiyata

Daga Allah muke, kuma wurinsa dukkanmu za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Satumba, ina tsaye gaban allo ina koya wa ɗalibaina lissafi, matar mai burodin lungunmu ta kira ni a waya ta ce Baba Kafinta ya rasu. Kwana biyu kacal ya yi a asibiti. Na ce mata na ji, na ajiye wayar, na ƙarasa abin da na fara a allo ba tare da na san me nake rubutawa ba.

Baba, yau kwananka tara a ƙasa. Akwai maganar da na daɗe ina cewa gobe zan faɗa maka, har goben ta ƙare. Bari in faɗe ta yanzu, a gaban kowa.

Wanda bai san unguwarmu ba zai yi mamakin yadda ta tsira. Tafiyar minti goma ce tsakaninta da tsakiyar gari, inda dogayen gine-gine da bankuna suke, amma da zarar ka shigo lungunmu sai ka ji ƙarar motoci ta koma baya. Mota ba ta shiga, don lungun ya riga mota zuwa duniya. An shimfiɗe shi da duwatsu waɗanda ƙafafu suka goge har suna sheƙi, benaye sun jingina da juna, wasu ƙofofin sun girmi kakanninmu. Komai da ƙafa ake zuwa masa: kasuwa, kantin magani, gidan waya, makaranta. Baƙi kan zo su ɗauki hoton ƙofofinmu su tafi. Ba su san cewa rabin ƙofofin nan da tuni sun zama itacen wuta ba don kai ba.

Shagonka yana ƙarshen lungu, dab da bakin kasuwa, kai da iyalinka kuna saman bene. Fiye da shekara hamsin kana gyaran ƙofofi da tagogin unguwar nan. Ba ka jefar da tsohuwar ƙusa in za ta miƙe, kuma ba a yi maka gaggawa. Ni shaida ce: kantar littattafan da na ba ka aiki wata takwas ta yi a hannunka. Duk zuwan da na yi sai ka ce katakon bai gama bushewa ba. Na sha yin tsaki a bayan idonka, Allah ya yafe mini. Kantar tana nan, shekara goma sha huɗu ko motsi ba ta yi ba.

Shekara uku da suka wuce ciwon zuciya ya kama Inna, mahaifiyata. Ta fita cefane kamar kullum, numfashi ya yanke mata a gaban shagon tela, ta zube a ƙasa. Likita ya ce dole ta riƙa tafiya kowace rana, amma kada ta kai ga haki. Ni da yayana muka zauna muka yanke shawara ba tare da ita ba. Yana da sabon gida a bayan gari, ya gyara mata ɗaki a ƙasa, da banɗaki a ciki, ga mota a ƙofa. Abin da babu a can shi ne inda mutum zai je da ƙafa. Gida ne da katanga, sai wani gidan da katanga, sai titi.

Inna ta shiga gidanmu na lungu tana amarya, a nan ta haife mu, daga nan aka fitar da mahaifinmu. Da muka gaya mata ba ta yi gardama ba, abu ɗaya ta roƙa. Ta ce a bar ta muddin tana iya kai kanta kasuwa ta dawo. Ranar da ta kasa, da kanta za ta haɗa kayanta. Yayana ya yarda, don yana ganin abin ba zai wuce wata guda ba. Ni ma haka na zata. Daga ƙofarmu zuwa bakin kasuwa taku ɗari shida ne, a lokacin kuwa ko tsakar gida da ƙyar take ratsawa.

Ban san wa ya kai maka labarin sharaɗin nan ba, lungunmu ba ya riƙe sirri. Abin da na sani, ranar da Inna ta fara gwada fita, na hango ka a bayanmu, hannu a baya, leɓunanka suna motsi. Na ɗauka addu'a kake yi. Ashe takunta kake ƙirgawa. Inda ta tsaya ta dafa bango, ka tsaya daga nesa kamar kana duba wata taga. Kwana uku ka yi kana binmu haka, ka gano cewa taku ɗari da ashirin take yi kafin numfashi ya ƙare.

Bayan mako guda bencuna huɗu suka bayyana a lungu, kowanne a daidai inda take tsayawa. Ɗaya a jikin shagon tela, ɗaya a ƙarƙashin tagar mai burodi, ɗaya kusa da famfo, ɗaya a ƙofar mai gyaran agogo. Mai agogo ya so ya ƙi, ya ce ba ya son a tara masa 'yan zaman banza su tare masa haske. Sai ka yi nasa ɗan ƙarami, na mutum ɗaya da rabi, ka ce in dai hira ce ba za ta yi daɗi a kansa ba. Tsayinsu daidai gwiwar Inna, kuma kowanne yana da abin dafawa a dama kawai, don ka lura da hannun dama take yunƙurin tashi. Da ta yi maka godiya ka ɓata fuska, ka ce ragowar katako ne ya cika maka shago, ba don kowa ka yi ba. Ita ma ta bi ka a haka, ta ce ai ta ga alama.

Ba a yi wata biyu ba wasu ma'aikata suka zo da takarda, suka ce bencunan sun tare hanya, a kwashe. Ni na fara ɗaga murya, kai ko kallonsu ba ka yi sosai ba. Ka kwashe su da kanka, ka cire musu ƙafafun baya, ka maƙala su a bango da irin ƙarfen da ake rataye ƙofa, yadda za a ɗaga su a naɗe in ba a bukata. Da ma'aikatan suka dawo suka tarar da katako kwance a jikin bango, suka auna lungun, suka tafi. Tun daga ranar, tela da mai burodi da mai agogo kowa ya san lokacin fitowar Inna, sai ya sauke nasa ya goge.

Wata guda ya zama shekara, shekara ta zama biyu. Inna tana fita da ƙarfe tara ta dawo sha ɗaya, da albasa uku a jaka da labarin unguwa kaf a baki. Ba ita kaɗai ta amfana ba. Tsofaffin da muka daɗe ba mu gani ba suka fara leƙowa, masu juna biyu suna hutawa, har mai kawo wasiƙu yakan ajiye jakarsa ya miƙe ƙafa.

Ga laifina. Bara bencunan suka zama biyar, suka zama shida, suka zama bakwai, ka matso da su kusa da juna kaɗan-kaɗan. Kullum ina wucewa ta gabansu, ni da nake cin abinci da lissafi, ban lura ba. Wata safiya ka kira ni daga bakin shago.

"Malama, zo mana. Da taku ɗari da ashirin take yi, yanzu saba'in da biyar ne. Ki mayar da ita wurin likita, kada ki bari mako ya fita."

Tsoro ne ya kama ni, amma da faɗa ya fito. Na ce maka kai kafinta ne ba likita ba. Na ce ba don kai da katakonka ba da tuni Inna tana can tana hutawa, kuma in wani abu ya same ta a hanya kai ka jawo. A gaban mutane na faɗi haka, ga mutumin da ya girmi mahaifina. Ka saurare ni har na gama, ka kakkaɓe garin katako daga rigarka.

"Duk na ji, 'yata. Amma ki kai ta."

Na kai ta, don in ƙaryata ka. Likita ya duba ya ce ruwa ya fara taruwa, ya sauya mata magani, ya ce mun yi sa'a da muka zo da wuri. Ya tambaye ni yadda aka yi na gane, ban gaya masa kai ne ba. Washegari na zo shagonka da niyyar ba ka haƙuri. Kafin in buɗe baki ka miƙo mini ƙarshen wani katako ka ce in riƙe. Na riƙe, ka yanka, ka ce to na gode, gaida Inna. Na tafi ina cewa zan dawo in faɗa yadda ya kamata, kuma ban dawo ba. Baba, ka yi haƙuri. Ban kyauta ba, kuma na sani tun ranar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne watannin nan na ƙarshe. Mun sha ganin ka zaune a bencunan nan, daga wannan ka koma wancan. In an tambaye ka sai ka ce kana gwada ƙarfinsu ne, mu kuma muka yi dariya muka wuce. Matarka ta gaya mana cewa tun farkon shekara hawa bene yake ba ka wuya. Ka shekara uku kana ƙirga takun mahaifiyata, a duk lungun nan ba a sami mutum ɗaya da ya ƙirga naka ba. Ni ce ya fi kamata in gani, don kai ka nuna mini yadda ake gani.

Kwana uku da rasuwarka Inna ta ce za ta je ta yi wa iyalinka gaisuwa, kuma da ƙafarta. Na bi ta a baya, na sami kaina ina ƙirgawa. Mun wuce benci na huɗu lafiya. Kafin mu kai na biyar ta tsaya, ta dafa bango, a wurin da babu abin zama. Na riƙe ta har numfashinta ya dawo. Ba ta juyo ba ta tambaye ni nawa ne. Na ce arba'in da takwas. Ta dubi bangon, ta ce:

"To, babu mai matsowa da su kuma. In mun koma gida ki kira yayanki."

Ni da na shekara uku ina jiran wannan magana daga bakinta, ban kira shi ba. Da safe na ɗauki kujerar falonmu a ka, na ratsa lungu da ita mutane suna kallona, na ajiye ta a wurin nan. Ta yi ƙasa da yawa, Baba, kuma babu abin dafawa, sai na ba Inna hannuna take iya tashi. Da ka ga kujerar da ka girgiza kai. Na nemi a mayar da darasina na farko zuwa sha biyu, makaranta ta yarda zuwa ƙarshen zango. Bayan nan ban san yadda za a yi ba, kuma ban san watanni nawa suka rage mata a lungun nan ba. Amma jiya ta kai kasuwa ta dawo.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Duk wanda ya gaji ya sami wurin zama saboda shi, ka sa ladan a ma'auninsa, ka hutar da shi kamar yadda ya hutar da bayinka. Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi zaman shekara hamsin da biyu da shi, da 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da duk mutanen lungunmu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a bayansa. Inna ta ce in sa sunanta a gaisuwar nan, ta ce in rubuta cewa shekara ukun da ta ƙara a ɗakinta, bayan Allah, kai ka ba ta. Allah ya jiƙanka, Baba, mu kuma ya kyautata namu zuwan.